Jan Dutsen Baba Tankari

Ranakun aiki da yawa sun shige mini ba tare da sun bar komai ba, amma ban taɓa mantawa da ranar Juma'ar da muka juye bironmu, wato ofishinmu, kaf muna neman dosiyen mace ɗaya ba. Ku da kuka zo bayanmu kuna yawan tambayata me ya sa nake ajiye jan dutse a kan teburina, alhali ba ya danne komai. Na ji wasunku na cewa tsafi ne, tunda a ƙasar Arewa muke, wadda aka sani da bori. Ni Saratu, da ba na fashin majami'a, wai ni ce mai tsafi. To ku gyara zama ku ji inda dutsen ya samo asali.

A lokacin ni ce sakatariya a wani biro mai kula da malaman firamare a nan Dogon Dutsi. Aikina karɓar takardu ne. Duk abin da ya shigo in rubuta shi a rajista, in buga masa hatimi, in kai wa Ansfekta, wato shugaban biron. Abin da zai tafi Doso, babban birnin jiharmu, kuma sai in jera shi a bordero, takardar rakiyar da ke faɗin abin da aka aika, Ansfekta ya sa hannu, Gado direba ya ɗauka. Takardar da ba ta cikin bordero, a idon Doso ba a aiko ta ba, ko da mutum ya rantse.

Shekarar nan gwamnati ta buɗe ɗaukar malaman kwantaragi aiki na dindindin. Ga wanda bai san harkar ba, ɗan kwantaragi yana koyarwa kamar kowane malami, alli ɗaya, rana ɗaya, amma ba shi da matirkil, lambar cikakken ma'aikacin gwamnati, ba shi da fansho, ba shi da tabbacin gobe. Kowa ya haɗa dosiye: takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, ta kotu mai shaida ba a taɓa ɗaure shi ba, ta likita, da kwafin diploma mai hatimi. Ga wanda ke ƙauye, haɗa waɗannan aikin makonni ne. Sannan akwai iyakar shekaru, wanda ya haura ta ya fita layi har abada. Doso ta ce za ta rufe karɓa ranar Juma'a, kuma kun san Juma'a rabin yini ake yi.

Mai kula da sha'anin ma'aikata a bironmu wani dattijo ne, Baba Tankari. Ya riga kowa shiga biron, ya san kowane malami da ubansa da gonarsu. Teburinsa kuwa in ka gani sai ka ce kasuwa ta watse. Amma shi yana da tsarinsa. Akwai wata tsohuwar fanka a saman kansa mai kwashe takarda ta kai ta bakin ƙofa, don haka ya samo duwatsu yana danne tarin takardunsa, kuma kowane dutse da ma'anarsa. Farin dutse na abin da ke jiran sa hannu ne. Baƙi na abin da aka gama. Jan dutse kuwa, irin marmarar da ke gindin tudun garin nan, shi ne na amana.

Amanar nan sai na yi muku bayani. Mutanenmu ba su yarda da kai takarda biro a miƙa wa baƙuwar fuska ba. Sun fi son su bi dattijon da suka sani har gida bayan la'asar, a gaisa, a tambayi mutan gida da damina, sannan a fito da takarda daga leda a ba shi hannu da hannu. Baba Tankari sai ya zo da ita da safe ya sa ƙarƙashin jan dutse. Jajibirin tafiyar mota ya kwaso su ya dire mini, ya ce, "Saratu, ga 'yan gida." In shigar da su rajista da bordero. Na sha yi masa ƙorafi, yana dariya yana cewa, "Tun ba a haihe ki ba nike haka, kin taɓa jin wadda taɓ ɓace?" Gaskiya kuma ban taɓa ji ba.

Abubuwa biyu ne suka haɗu a makon nan. Ranar Laraba aka aiko cewa yayan Baba Tankari ya rasu a Dumega, ya fita a gigice ko hularsa bai daidaita ba. Ranar kuma aka sanar da mu cewa baƙi daga Yamai za su leƙo biron ranar Alhamis. Ansfektanmu sabon zuwa ne, mutum mai son tsabta da tsari, kuma ba na ganin laifinsa, don ni ma biron ya daɗe yana ba ni kunya. Ya ce kada baƙi su tarar da takarda ko ɗaya a kan tebur. Aka samo kwalaye, kowa ya zage, aka kwashe tarin takardu ɗaya bisa ɗaya aka kai magaza, ɗakin ajiyar da ke bayan biron. Duwatsun aka watsar waje. Teburin Baba Tankari ya fito fes, ranar na fara sanin launin katakonsa. Baƙin suka zo, suka sha ruwan sanyi a ɗakin Ansfekta, suka tafi. Ɗakinmu ko leƙa shi ba su yi ba.

Ranar Juma'a na yi sammako. Borderona a shirye, dosiyoyi a ɗaure, Gado na goge gilashin mota. Sai ga wata mace ta yi sallama, doguwa, siririya, da hijabi ruwan toka. Madam Habsu ce, malama a wani ƙauye can bayan Dogon Kiriya. Ta daɗe tana kwantaragi, kuma na san kafin shekarar ta ƙare za ta haura iyakar shekarun. Wannan ne karonta na ƙarshe.

Muka gaisa, ta tsaya tana murza bakin hijabinta. Da ƙyar ta ce, "Madam, ki yi min gahwara. Surukata nik kawo asibiti, nic ce bari in biyo in gaishe ku. Halan dosiyena ya samu shiga?"

Na bi bordero da yatsa daga sama har ƙasa. Na sake bi. Babu sunanta.

"Wa kinka ba?"

"Baba Tankari nib ba, gida nai, tun wancan mako. Abokin babana na."

Na juya na dubi teburin Baba Tankari, yana ta ƙyalli, ko ƙwayar takarda babu.

Na ce ta zauna, na shiga wurin Ansfekta na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, sai ya cire tabarau ya ce, "Ba ya cikin rajista?" Na ce ba ya ciki. Ya ce, "To a ina yake?" Na ce sai dai a tambayi mai teburin.

Kiran mutum a zaman makoki a kan maganar takarda abin kunya ne, amma ba yadda zan yi. Rezo, wato layin waya, na Dumega ranar sai a hankali. Na kira ya katse, na kira ba ta shiga, sai can na ji muryarsa, da hayaniyar masu gaisuwa a bayansa.

"Baba, ya haƙuri? Allah shi jiƙan shi."

"Amin, Saratu. Lahiya?"

"Dosiyen Madam Habsu muka nema."

"Ɗiyar Nomau? Ai shina nan ƙarƙashin jan dutsi, hannun dama ga taga. Ki ɗaga dutsin kawai. Wallahi rasuwag ga ta ɗauke min hankali, da na ba ki tun Laraba."

Ya faɗa da natsuwar mutumin da ya san inda ya ajiye abinsa. Ni kuwa idona na kan ƙofar biron, inda wani ya tokare ta da jan dutsen don kada iska ta rufe ta.

"Baba, an kwashe teburin."

Ya ce, "Wa yat taɓa min tebur?" Kafin in ba shi amsa rezo ya ɗauke, bai sake dawowa ba.

Muka nufi magaza. Ku da kuka tarar da ita da kantoci ba za ku gane ba. A lokacin ɗaki ne mai rufin kwano, ba taga, cike da karyayyun bencina da buhunan tsofaffin takardun jarrabawa da gara ta fara ci. Kwalayen makon nan an jibge su a kan na shekarun baya, ba wanda ya rubuta komai a jikinsu, ba wanda ya tuna wanne ne na teburin wa. Abin da ya ƙara dagula lamarin, duk shemiz ɗinmu, wato bangon kwalin da ake sa dosiye a ciki, iri ɗaya ne, ruwan ɗorawa. Baba Tankari kuma ba ya rubuta suna a bango, tunda shi ya san na kowa. Dole sai an buɗe kowanne an duba.

Muka jawo kwalayen zuwa baranda. Ansfekta ya naɗe hannun riga ya durƙusa tare da mu. Wuta ta ɗauke, zafi ya taso tun da hantsi, gumi na ɗiga a kan takardun mutane. Ka buɗe shemiz ka ga neman hutun haihuwa. Ka buɗe wani ka ga ƙorafin rufin aji da iska ta yaye shekarun baya. Habsu ta matso za ta taya mu, Ansfekta ya ce ta yi haƙuri, takardun ma'aikata ne, doka ba ta yarda ta gani ba. Ta koma bakin baranda ta zauna, ta zuba mana ido. Da ta yi kuka ko ta zage mu da ya fi mini sauƙi.

Na tambaye ta ko tana da kwafi. Ta ce na diploma kawai. Takardar kotu da ta likita na asali ne ta sa, kuma sake samunsu a safiyar Juma'a ba zai yiwu ba.

Gado ya zo ya tsaya kanmu yana kaɗa makullin mota. Mutum ne mai baki, amma ranar a hankali ya yi magana. "Ranka shi daɗe, rana tana yi. Hanyag ga kun san ta, ga manyan motoci, ga shingen jandarma. In ban tashi yanzu ba, sai in iske sun kulle."

Ansfekta ya ce ya ƙara mana ɗan lokaci. Muka ci gaba. Har na koma ina buɗe shemiz ɗin da na riga na buɗe, don mun fara cakuɗa waɗanda aka duba da waɗanda ba a duba ba. Nan na daka tsawa, abin da ban taɓa yi gaban shugabana ba, na ce wanda aka duba a kife shi hagu, kada kowa ya ƙara taɓa shi. Shi ma Ansfekta hagu ya riƙa kifewa.

Gado ya sake dawowa. Wannan karon agogon hannunsa kawai ya nuna. Ansfekta ya miƙe, gwiwoyin wandonsa duk ƙura. Ya dubi ɗaurin dosiyoyin da ke cikin mota, na malamai da yawa waɗanda su ma suke jira shekara da shekaru. Ya je gaban Habsu ya tsaya.

"Madam, ba zan iya riƙe motar nan ba. In ta makara, duk waɗancan sun rasa. Ki gafarce ni."

Ta ce, "Ba komi, ranka shi daɗe. Haka Allah yas so." Muryarta ba ta ko girgiza ba. Amma na ga yadda ta damƙe bakin hijabin nan.

Motar ta fita daga gidan. Na ji ƙararta har ta ɓace. Sauran ma'aikatan suka saki jiki, wani ma ya zauna a kan kwali yana fifita da shemiz. Ni kuwa haushi ya turnuƙe ni, na rasa wa zan ji haushinsa, dattijon da ke makoki ko shugaban da ya so tsabta. Na shiga biro in sha ruwa. Iskar hadari ta taso tana buga ƙofar, dutsen da aka tokare ta da shi ya goce. Na sunkuya na ɗauke shi da niyyar in yi jifa da shi bayan katanga, don ganinsa ma ɓata mini rai yake.

Sai na ga tafin hannuna ya yi ja. Marmara ce, tana zubar da gari. Na tuna duk lokacin da Baba Tankari ya kawo mini 'yan gidansa, sai na kaɗe na saman kafin in buga hatimi, ina mita cewa yana ɓata mini tebur da jar ƙasa.

Na fito da gudu. Na ce a daina buɗewa, a duba bango kawai, a nemo shemiz mai tabon jar ƙasa a tsakiya. Tunda tari-tari aka kwashe, abin da ke ƙarƙashinsa na nan biye da shi. Aiki ya sauya nan take. Maimakon karatu sai zarewa, kamar mata na tsince wake. Kwali ya ƙare, aka jawo wani. Ansfekta da kansa ya kifar da wani babba da ke can ƙasa, wanda aka cika da tsofaffin sanarwa. Daga gindinsa wani shemiz ya zamo, da jan tabo a bangonsa kamar an ɗora ƙoƙon shayi.

Na buɗe. Ba nata ba ne, na wani malami ne daga wajen Lugu, shi ma na neman matirkil. Na ɗaga na biyu. Hoton Habsu ya dube ni, da hijabin nan ruwan toka. A ƙarƙashinsa akwai na uku, na wani malamin daban.

Ban tsaya murna ba. Na kira Gado, ina addu'a kada ya yi nisa. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Kana ina?"

"Ina nan bakin gari wurin mai faci. Tayata ta baya nig ga awa ta yi sanyi."

Motar da aka sa wa sababbin tayoyi a watan nan. Na gane jiranmu ya tsaya yi, sai ya ce, "Ku yi maza dai."

Na shigar da ukun a rajista, na rubuta ƙarin bordero da hannu don ba wuta, rubutun duk ya karkace. Ansfekta ya sa hannu a tsaye, ya buga hatimi, ya cusa dosiyoyin cikin rigarsa saboda yayyafin da ya fara, ya hau babur ɗinsa ya tafi kai wa Gado. Sauran suka watse shirin masallaci. Aka bar ni da Habsu a baranda, a tsakiyar takardun da muka baza, muna kwashe su kada ruwa ya jiƙa. Yanzu ba wanda ya tuna da dokar hana ta taɓawa.

Jiran nan ya fi neman wuya. Duk ƙarar da waya ta yi sai mu dubi juna. Har aka fara kiran salla ba labari. Sai can Gado ya kira, yana haki. Ya ce ya iske mai karɓar takardu a Doso ya tashi yana neman makulli, ya roƙe shi, ya karɓa, ya buga hatimi a borderon biyu.

Na faɗa wa Habsu. Na zaci za ta yi guɗa. Sai ta sauke ajiyar zuciya, ta zauna a kan kwali, ta daɗe tana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Madam, kin san saura kaɗan in ƙi biyowa? Maigidana cewa yay yi kar in zo. Yac ce wanda yab ba dattijo amana ba shi komawa tambaya, raini na. Har na kai tasha nij juyo."

Ta ɗago ta dube ni. "Da ban zo ba hwa?"

Na dubi rajistan da ke hannuna, inda sunayen malaman nan biyu suke, tawadar ko bushewa ba ta gama yi ba. Su ba su zo ba. Suna can ƙauyukansu hankali kwance, sun kiyaye ladabi, sun ba dattijo amana.

Da Baba Tankari ya dawo daga makoki, ya tsaya a gaban teburinsa ya daɗe bai zauna ba. Abin da ya fi yi masa ciwo ba kwashe takardun ba ne, cewa ɗiyar Nomau ta zo tambaya. Na ce masa, "Baba, tambayar tata ita tac cece ka." Washegari da safe ya zo da wata takarda a leda, wadda aka kai masa gida, ya wuce teburinsa ya dire ta a nawa. Ya ce, "Rubuta ta yanzu, Saratu, ina kallo." Daga ranar har ya yi ritaya haka yake yi. Mutane ba su daina bin sa gida ba, kuma ba mu hana su ba, amma takarda ba ta ƙara kwana a biro ba tare da ta shiga rajista ba. Ansfekta shi ma bai ƙara sa a taɓa teburin wanda ba ya nan ba. Habsu ta sami matirkil ɗinta, yanzu ita ke shugabantar wata makaranta.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Baba Tankari yana da tsari, amma a kansa yake, ranar da ya tafi Dumega ya tafi da shi. Mu kuma mun gyara biro don idon baƙi, ba don mai nema ya samu ba. Ku ajiye kowace takarda yadda wanda bai san ku ba zai same ta ranar da ba ku nan. Ku rubuta suna a bango, ko da na ƙanenku ne. Kuma ku sani mutanenmu suna da kunya, mafi yawansu ba za su dawo su tambaye ku ba.

Shi ya sa nake ajiye dutsen nan inda idona zai riƙa faɗa masa. Kullum kafin in rufe biro sai na ɗaga shi na duba, duk da na san ba komai a ƙasansa, in tambayi kaina ko akwai wanda ke can gida yana jirana, wanda ba zai zo ba.